Alhaji Uwais Ya Ajiye Rana Sai Marka

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya huwace wa basira a Mairuwa, da Alhaji Uwais ake farawa, kuma yawanci shi ke yin lissafin da kansa. Mutum ne cikakke ta kowace fuska, musamman ta gaba, inda tumbinsa ke riga shi shiga masallaci. Fataucin hatsi yake yi, amma kada ka kuskura ka ce masa ɗan kasuwa, ransa zai ɓaci. Shi masanin lokaci ne. Da kaka, sa'ad da manomi ke neman abin sallamar 'yan ƙwadago, Alhaji kan tausaya masa ya karɓe masarar a araha. Ya kai ta sito, ya jefa mata maganin ƙwari, ya danna kwaɗo. Da marka kuma, lokacin da tukunyar manomin ta fara kwana a kife, sai tausayin ya sake motsawa, ya buɗe sito ya sayar masa da masararsa a farashin da zai sa ya riƙa yawan ambaton Allah. Saboda wannan hidima ce mutanen gari suka raɗa masa Alhaji Sai-ta-yi-tsada. A gaban idonsa kuwa Garkuwan Rumbu suke ce masa, shi kuma ya amsa da ɗaga gira.

Shi ya fara ɗora farantan sola a kan rufi a duk unguwarsu. Ta wajen titi ya sa aka jera su, ko da yake rana ta fi daɗewa a ɗaya ɓangaren, don a ganinsa rana tana iya zagayowa amma titi ba ya zagayowa. Da rana gidan Alhaji abin sha'awa ne. Fanka na juyawa, firij na gurnani, ruwa na hawa tanki. Amma da zarar ladan ya gyara murya zai kira magariba, sai komai ya ɗauke, gidan Garkuwa ya koma daidai da gidan mai gadinsa. Wani mara kunya a teburin mai shayi ya ce wutar Alhaji kaza ce, da magariba take shiga akurki. Maganar ta isa kunnen Alhaji tun kafin shayin mutumin ya huce.

Da a wata shekarar ce, da ya share maganar. Bana kuwa ba shekarar sharewa ba ce. Fataken hatsi na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun haɗa ƙarfi sun gina babban sito guda a Faskari, tunda barin kaya a ƙauye ya zama kasada, kuma dattawan ƙungiya sun ce da marka za su zauna su damƙa makullinsa a hannun mutum ɗaya. Wanda ya riƙe makullin nan shi ne Ma'aji, shi zai ce a buɗe, shi zai ce a rufe, hatsin ƙananan hukumomi uku na kwance a bayansa. Alhaji Uwais bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda yake son makullin nan ba. Abokin takararsa Alhaji Lawwali na Sabuwa ne, wanda ba shi da wata bajinta sai janareta mai ƙarar da ke hana unguwa jin kiran salla. Amma dai wutarsa ba ta shiga akurki, kuma hakan na ci wa Alhaji rai.

Sai ya tafi Funtuwa wajen wani mai harkar sola, Abdulganiyu, ya zauna a kujerar mai shago ba tare da an yi masa tayi ba. Abdulganiyu ya nuna masa batura masu ruwa, dogaye kamar randa, ya ce za a haɗa su da solar da yake da ita, su sha wuta da rana su bayar da dare. Alhaji bai ji ƙarshen zancen ba. Tambaya ɗaya ya yi, ita ce ko abin nan yana ajiye wuta. Aka ce yana ajiyewa. Da mai shago ya buɗe baki zai ƙara bayani, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Yaro, kai ka san waya, ni na san ajiya. Tun ba a haife ka ba nike ajiya. Ka haɗa, ka tahi, sauran nawa ne."

Batura takwas aka kawo, a buɗaɗɗiyar mota, da umarnin a bi ta cikin kasuwa a hankali. Aka jera su a wani ɗaki mai rufin kwano kusa da zaure, aka sa sabuwar inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, aka kuma kafa wani babban makunni a bango. In ka ɗaga shi batura sun haɗu da sola da gida, in ka sauke shi sun rabu da kowa. Alhaji ya daɗe yana kallon makunnin nan, ya ji ya kwanta masa a rai.

Magaribar farko ta zo, wuta ba ta tafi ba. Matan gida suka yi guɗa. Hajiya Dada, mahaifiyar Alhaji, tsohuwar da zafi ke fesa wa ƙuraje duk bazara, ta zauna a gaban fanka ta sa wa ɗanta albarka har sai da muryarta ta dushe. Alhaji ya sa aka fito da kujera ƙofar gida, ya zauna ƙarƙashin ƙwan lantarki yana amsa gaisuwar mutanen da ba su yi niyyar gaishe shi ba.

Da gari ya waye ne abin ya lalace. Ya shiga ɗakin batura ya duba fuskar inbata, inda wasu 'yan layuka ke nuna yawan abin da ke ciki. Jiya ya bar su a cike. Yau saura rabi. Alhaji ya dafe bango. A duk rayuwarsa bai taɓa buɗe sito ya tarar an ci rabi a dare ɗaya ba. Aka ce masa ai za su sake cika kafin la'asar, ya ce wannan zancen mabarnata ne, irin masu ci yau su ce gobe ma akwai. Abin da ake ɗiba kullum ai ba ajiya ba ne, cefane ne. Shi kuwa ba cefane ya je Funtuwa saye ba.

Nan basirar ta sauko masa gaba ɗaya, har ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Yanzu bazara ce, rana ta yi yawa, ta yi araha, kowane matsiyaci yana da ita a tsakar gidansa har yana gudun ta. Ashe kakar rana ke nan. Da marka kuwa hadari zai rufe sama, a yi kwana da kwanaki ba a ga idonta ba, solar kowa ta kwanta. Ran nan duk wanda ke da rana a ajiye shi ne mutum. Kuma da markar ne dattawa za su zaɓi Ma'aji. Alhaji ya yi mamakin yadda Turawan da suka ƙera batir ba su hango wannan ba, sannan ya tuna ba su taɓa fataucin masara ba.

Ya jira ranar da ta fi kowace zafi, irin wadda kwalta ke kama takalmi, don yana son mai kyau, ba ta safe mai ruwa-ruwa ba. Da layukan suka cika fal, ya yi bisimilla ya sauke makunni. Daga nan ya yi wa ɗakin abin da ya saba yi wa sito. Ya lulluɓe baturan da tamfol don kada su sha iska. Ya jefa ƙwayoyin maganin ƙwari a kowace kusurwa. Ya sa aka toshe taga da laka. Ya ja ƙofa ya danna kwaɗo biyu, sannan ya shafa ɗanyar laka a bakin ƙofar ya danna zobensa a kai, yadda ko ɓera ya shiga sai an gane. Da magariba wutar gidan ta koma akurkinta.

Bazarar bana ba ta zo da wasa ba. Ɗakuna suka zama tanda. Zoɓon da Hajiya Najiba, matar Alhaji, ke sayarwa ya riƙa kwana a firij mara wuta yana wayar gari da tsami. Ita ta san mijinta, sai dai ta zubar ta haɗa wani. Hajiya Dada ce ta aika a kira shi wata la'asar, ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, don Alhaji ba ya wasa da ladabi in dai ladabin ba zai ci masa komai ba. Ta nuna masa wuyanta da bayanta, ƙuraje sun yi jajir. Ta ce ita ba firij take so ba, ba talabijin ba, fanka ɗaya tak da dare.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji Alhaji. "In na buɗe miki yau, gobe Najiba ta ce a buɗe mata. Ajiya in an huda ta, ta tashi daga ajiya. Ki bari marka ta zo, fanka har sai kin ce ta isa."

Tsohuwa ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Da marka mi zan yi da fanka, Uwaisu? Da marka bargo nike nema."

Alhaji ya yi murmushin da masu ilimi ke yi wa waɗanda ba su yi karatu ba, ya ce Allah ya ƙara mata lafiya, ya tashi. Abin takaici ne, kuma ba a ɓoye shi: tsohuwar nan a tsakar gida ta ƙare bazararta, kan tabarma, da mafici a hannu, taku kaɗan daga ɗakin da ɗanta ya kulle iskarta.

Shi kuwa Garkuwa lokacin ne kasuwarsa ta buɗe. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ƙofar ɗakin ya ga kwaɗo ya ga tambarin zobe. Wasu har kunne suke karawa a jikin ƙofa. Wani da ke neman a ba shi dillancin waken suya ya rantse ya ji ranar tana huci a ciki, aka kuwa ba shi dillancin. A kasuwar Ƙanƙara, Alhaji ya hau kan buhuna ya yi wa 'yan ƙungiya jawabi.

"Jama'a, kowa na ajiye masara. Kowa na ajiye dawa. Wannan ko jariri ya iya. Amma ku faɗa mini, tun daga nan har Sabuwa, wa ya taɓa kama ranar Allah ya sa ta a ɗaki ya kulle? Wani can yana taƙama da janareta. Janareta ai maroƙi ne, kullum sai ka ba shi ya yi maka ihu. Ni tawa tana kwance, ba ta ci ba ta sha, tana jiran lokaci. Mutumin da rana ba ta zube a hannunsa ba, hatsinku ne zai zube?"

Aka yi tafi, musamman waɗanda ke tsaye kusa da lemon da ya sayo. A 'Yargoje ya maimaita jawabin, sai dai ranar da ke ɗakin ta ƙaru, ta kai ta haska Mairuwa duka. Kafin ya isa Sabuwa ta isa a raba wa maƙwabtan garuruwa. Har ya fara nazarin yadda za a auna ta in an zo saye, ya kuma yanke cewa tsohuwar rana ta fi sabuwa daraja, tunda ta kwanta ta yi kauri.

Damina ta sauka, ta yi nisa, marka ta kankama. Sama ta yi baƙi ƙirin, yayyafi ya ƙi tsayawa, farantan sola suka koma ado, ko fanka ba sa iya juyawa da kirki. Duk Mairuwa ana kukan rashin rana, shanya ba ta bushewa, tuwo na yin yami, Alhaji kaɗai ke fita tsakar gida ya ɗaga kai ya ce Alhamdulillahi. Ya bi dattawa gida-gida har sai da suka yarda a yi zaman zaɓen Ma'aji a falonsa, da hantsi.

Suka zo a jiƙe. A gabansu akwai Baba Ɗanhausa na 'Yargoje, wanda ya fi kowa shekaru a ƙungiyar, kuma makullin babban sito na hannunsa riƙon ƙwarya har a yi zaɓe. Dattijo ne mara yawan magana, in ana gardama goronsa yake kankarewa. Alhaji Lawwali ma ya zo, ya zauna a gefe yana kallon rufi. Falon ya yi duhu-duhu saboda hadari, kuma haka Alhaji ke so. Tun da safe ya sa aka jona duk abin da ke da wutsiyar waya a gidan. Fankoki, duk da mutane na rawar sanyi. Firij biyu. Talabijin. Dutsen guga, ba tare da kayan guga ba. Da lasifikar da aka ɗaura a kan katanga don mutanen titi su ji jawabin godiya.

Bai yarda a fara zama ba sai da ya kwashi dattawa zuwa ƙofar ɗakin. Ya roƙi Baba Ɗanhausa ya duba laka, Baba ya duba ya ce ba ta tsage ba. Ya kira Alhaji Lawwali da kansa ya ce ya ja kwaɗon, Lawwali ya ja, kwaɗo ya ƙi. Ya zagaya da su bayan ɗaki suka ga taga a toshe. Sannan ya zaro makullai daga cikin 'yar ciki, ya ɗaga su sama.

"Ku zama shaida. Tun ranar da na rufe ɗakin nan, makullan ga ba su taɓa kwana a wani wuri ba sai a jikina. Uwar da ta haife ni ta roƙe ni in buɗe, ban buɗe ba. Wanga shi ake kira amana."

Aka fasa laka, aka cire kwaɗo. Wani zafi mai warin magani ya bugo su, dattawa suka ja da baya suna tari. Alhaji ya yaye tamfol, baturan na nan reras, sun yi ƙura. Ya karɓi abin magana a hannun hagu, ya kama makunni da dama, ya jira har kowa ya yi shiru, ya ɗaga.

Ƙwan falo ya yi ja kamar garwashin da ya kwana. Fanka ta juya sau ɗaya a hankali, kamar mai duba waɗanda suka halarta, ta tsaya. Lasifika ta kai wa mutanen titi "Jama'a" ɗaya, ba ta kai sauran ba. Inbata ta saki wani siririn kuka, ta yi shiru. Sai ƙarar yayyafi a kan kwano.

Abin da Alhaji bai tsaya ya ji ba a Funtuwa shi ne batir ba ya son zama. Ko ba a taɓa shi ba wutarsa na zurarewa a hankali, zafi na ƙara mata sauri, ruwan cikinsa na ƙafewa, in ya daɗe a haka kuma ya mutu murus. Baturan Alhaji sun yi bazara guda a lulluɓe ƙarƙashin kwano, babu iska babu ɗigon ruwa.

Garkuwa ya sauke makunni ya sake ɗagawa. Ya sake. Ya ce ranar ta kwanta ne a ƙasa, ya rungumi batir ɗaya yana jijjiga shi yadda ake yi wa buhu, har hularsa ta faɗi. Ya ƙwanƙwasa wani da yatsa ya kara kunne. Ya ce ƙwari ne, sannan ya tuna shi ya zuba magani da hannunsa, ya janye. Ya ce hassada ce, yana satar kallon Alhaji Lawwali. Shi kuwa Lawwali cikin ladabi ya ce in ana buƙata zai aika Sabuwa a ɗauko janareta, don kada taron Alhaji ya lalace. Ana cikin haka Hajiya Dada ta leƙo daga ƙofar cikin gida, ƙudundune da bargo, ta gaishe da baƙi, ta tambaya ko rabonta na fanka na cikin wanda ya ƙare.

Aka koma falo aka zauna a duhu-duhun. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan. Baba Ɗanhausa ya gama kankare goronsa, ya mai da wuƙar aljihu, sannan ya ce yana da 'yan tambayoyi. Ya tambayi Alhaji ko da ya rufe ɗakin a cike yake. Alhaji ya ce fal, da idonsa ya gani. Ya tambaya ko wani ya taɓa shiga. Alhaji ya ce ko ƙuda. Ya tambaya ko akwai wani makulli a hannun wani, ko mata ko ɗa. A nan Alhaji ya ɗan farfaɗo, ya gyara zaman riga, ya ce ai dattawa sun gani da idonsu, shi ba ya ba kowa amanar ajiya, shi kaɗai ne a kanta daga farko har ƙarshe.

Baba ya gyaɗa kai.

"To, Alhaji, mun gode da ka nuna mana tun ba mu kai hatsinmu ba. Ɗaki a cike, ƙohwa a rufe, makulli a jikinka, an buɗe babu komi. Da ɓarawo ne, da mun san wanda za mu nema."

Ya zaro makullin babban sito, ya miƙa hannu ta gaban tumbin Garkuwan Rumbu, ya ba Alhaji Lawwali. Alhaji Uwais ne ma ya ɗan matsa baya don hannun ya wuce.